Gawayi Ko Girafin? Sharhi Kan Yadda Ake Fassara Sakamakon Na'urar Raman

Maƙasudin wannan takarda shi ne jan hankalin masu nazari game da wani gaggawa da ake yi wajen yanke hukunci. Sau da yawa mai bincike zai ƙona ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayin shinkafa, ya auna abin da ya rage da na'urar Raman, ya ga tozo biyu a zanen sakamako, sai ya bayyana cewa ya samo girafin. Ni a ganina hujjar ba ta kai ba.

Bari mu tuna tushen abin. A shekarar 1928 C. V. Raman na Indiya ya gano cewa idan haske ya bugi abu ya warwatsu, wani ɗan kaso nasa yakan sauya launi gwargwadon yadda zarrar abin ke girgiza. A kabon, tozon G yakan fito wajen 1580, tozon D kuwa, mai nuna tawaya a jerin zarra, wajen 1350. To amma duk gawayin da aka sayo a kasuwar Sabon Gari zai nuna waɗannan biyu. Girafin, wanda Geim da Novoselov suka ware a Manchesta a 2004, shimfiɗa ɗaya ce tak ta zarra, kuma shaidarsa ita ce tozon 2D wajen 2700, siriri, ya ɗara na G tsawo.

Kuskure na biyu ya shafi gwada tsawon D da na G. Ƙa'idar Tuinstra da Koenig ta 1970 ta ce D na ƙaruwa idan ƙwayar ta ƙanƙance. Amma a 2000 Ferrari da Robertson sun nuna cewa lissafin yakan juye idan ƙwayar ta gaza kimanin nanomita biyu. Ashe raguwar D ba kullum take nufin inganci ba. Haka kuma irin hasken lesa da aka haska yana sauya adadin, saboda haka wajibi ne a faɗe shi.

Shawarata ga malamai da ɗalibanmu na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ita ce, a riƙa auna gawayin kasuwa tare da kowane samfuri domin kwatanci. Idan zanen biyu sun yi kama, a kira abin da sunansa. Gawayin da aka sarrafa don tace ruwan sha ba abin rainawa ba ne, kuma ba ya bukatar aron suna.