Sitiyari a Hannun Mace

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Taramniya ta birnin Sakkwato da hantsi zai ga mata birjik a bakin titi suna jiran abin hawa: mai zuwa awon ciki, mai kai wa majinyaci abinci a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, malamar makaranta, tsohuwa da ƙunshin kayanta. Masu ɗaukarsu kuwa maza ne, daga ɗan kabu-kabu zuwa mai keken nan da Sakkwatawa ke kira agwagwa da buje, har direban tasi. Shi ya sa nake jinjina wa duk macen da ta ɗaura ɗamarar shiga wannan sana'a ta ƙofar doka, da lasisi a hannu. Aikin da ke gabanta ya fi yadda ake zato yawa.

Kano ta riga ta nuna hanya. Tun zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau aka shigo da adaidaita sahu domin sauƙaƙa wa mata zirga-zirga, amma maza ne suka ci gaba da tuƙa su. Sai a 'yan shekarun nan ƙungiyar Mata Zalla ta fito da kekuna masu aiki da lantarki, masu launin ruwan hoda, mata ke tuƙawa, mata da yara ke hawa. A Legas da Abuja kuma akwai matan da ke ciyar da gidajensu da tuƙin Bolt da Uber. Ko Saudiyya ta buɗe wa mata tuƙi tun watan Yunin 2018.

Ga macen da ke son shiga sana'ar, matakin farko shi ne makarantar koyon tuƙi wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta amince da ita, hukumar da aka kafa a 1988. Koyo a hannun yaya ko mijin yaya a filin ƙwallo yana da amfaninsa, amma ba ya ba da takardar shaida. Bayan makaranta sai gwaji a gaban jami'in duba motoci, wato VIO, sai biyan kuɗi, sai ɗaukar hoto da zanen yatsu. A fara ba ta lasisin wucin gadi na kwana 60 kafin na dindindin ya fito, mai shekara 3 ko 5. Shekara 18 ta isa ga mai tuƙa motar gida, amma lasisin haya rukuninsa daban: ana neman ƙarin shekaru, da gogewa, da takardar likita mai tabbatar da lafiyar jiki da ta ido. Ita ma motar sai ta cika takardunta, da inshora da shaidar ingancin hawa titi, a ɗaura mata lambar haya mai jan rubutu, ba shuɗiya irin ta gida ba. Daga nan sai tasha, sai rajista da ƙungiyar direbobi ta NURTW, inda za ta koyi bin layi, da biyan tikiti, da zama da 'yan kamasho.

Duk wannan ana iya gama shi da haƙuri da kuɗi. Abin da ba a saye shi ne sanin gari. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa birnin nan a 1809, aka tsara lungunansa domin mai tafiya a ƙasa da mai doki da jaki. Fasinja ba za ta ba direba lambar gida ba. Cewa za ta yi bayan masallacin wane, kusa da mai tuyar masa, in kin wuce rijiya. Dole taswirar ta zauna a kai: ta ina ake ratsawa daga Taramniya a fita Ƙofar Rini ko Ƙofar Marke, wace hanya ce ke cushewa ranar Juma'a wajen Masallacin Shehu da na Bello, yaushe baƙi masu ziyarar Hubbare ke yawa, ta ina za a kauce wa cunkoson babbar kasuwa in ana sauri zuwa Mabera ko Arkilla ko Runjin Sambo.

A dubi gwana tana ribas a lungun da mota ɗaya kawai ke iya shiga. Kwata a dama, katangar ƙasa a hagu, akuya kwance, yara na wasa. Ƙafar hagu na sakin kuloci kaɗan-kaɗan, ta dama na shawagi tsakanin birki da totur, ido na tsalle daga madubi zuwa madubi, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya kuma yana ɗaga wa yaro alamar ya matsa. Motar na ja da baya a hankali kamar mai zura zare a allura. Ba ta gogi bango ba, tayarta ba ta faɗa kwata ba, injin bai mutu ba.

Sai sanin motar kanta. Zafin Sakkwato a watan Afrilu yakan haura digiri 40, kuma a wannan lokaci lagireto da taya ke nuna halinsu. Gwanar direba takan duba ruwa da baƙin mai da iskar taya tun da asuba kafin injin ya ɗau zafi, ta san ba a buɗe murfin lagireto yana tafasa, ta iya kafa jak ta sauya taya da kanta. Kunnenta ya san ƙarar birki da ya cinye, don haka in ta je gareji ba a yi mata kwana-kwana. Da hunturu kuma, hazo kan rufe hanyar Illela ko ta Gusau, sai a kunna fitila a rage gudu.

Inda nake ganin mace ta fi kowa shiri shi ne zama da fasinja. Ta san abin da mai naƙuda ke ji in mota ta faɗa rami, don haka takan lallaɓa. Ta san tsohuwa na buƙatar lokaci kafin ta ɗaga ƙafa ta shiga. "Sannu Inna, bi a hankali, kawo kayan in riƙe miki." Uwa za ta fi sakin jiki ta damƙa mata 'yan mata a kai su makaranta, maigida ma hankalinsa ya fi kwanciya in ita ce za ta kai iyalinsa unguwa. A nan kasuwarta take: shata, da kai yara, da kwastomomin da ke kiranta a waya, fiye da kokawar lodi a tasha.

Ba a rasa masu magana. Wani zai ce ina mijinta, wani ya matse ta a shataletale don ya ga ko za ta firgita. Saboda haka takan fara da neman yardar gida, ta tsayar da lokacin tashi daga aiki, ta zaɓi wanda za ta ɗauka, ta riƙa sanar da wani inda ta nufa in tafiyar ta bayan gari ce.

Lissafi kuma shi ke raba mai ɗorewa da mai ajiye makulli. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin fetur ke cinye kaso babba na cinikin yini. In motar ta wani ce, sai ta fitar da balas ɗin mai mota kafin ta ga nata. Sai ta ware na mai, ta ware na tikiti, ta ware na gyara ko da ranar motar lafiya lau take, abin da ya rage ta raba tsakanin cefane da adashin da take fatan ya saya mata tata motar.