Gizo a Cikin Aji: Nazari kan Labaran Al'ajabi da Ban Dariya don Yaran Madawa, Buza da Keita

1.0 Gabatarwa

Tun daga 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram inda yaro yake fara karatu da harshen uwa, masu tsara littattafai a Nijar suke fama da tambaya guda: idan yaro ya gama sanin baƙaƙe da wasula, me za a ba shi ya karanta? Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makarantun firamare, sa'an nan a 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Saboda haka nauyin tambayar sai ƙaruwa yake yi.

A wannan maƙala za mu duba gajerun labarai na al'ajabi da ban dariya, waɗanda yaran gundumomin Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa suka saba ji a bakin iyaye mata da kakanni. Ra'ayinmu shi ne, al'ajabi da dariya su ne suke sa yaro ya juya shafi ba tare da an tsaya a kansa da bulala ba, kuma su ne suke fara salwanta idan aka ɗauko labari daga baki aka sa a takarda. Za mu nuna yadda asarar take aukuwa, da abin da ya kamata masu shirin yaƙi da jahilci su kiyaye.

2.0 Ire-iren labaran

Ana iya kasa waɗannan labarai kashi uku. Kashi na farko shi ne tatsuniya, wadda mutanen yamma suke kira gatana, musamman ta Gizo da Ƙoƙi da Kura. Dariyarta daga wayo take fitowa, da kuma ranar da wayo ya ci mai shi, kamar yadda ta faru da Gizo sa'ad da tsuntsaye suka ara masa gashi ya bi su cin ɓaure a tsakiyar ruwa, haɗama ta sa suka ƙwace abinsu suka bar shi a can. Kashi na biyu shi ne tatsuniyar al'ajabi, inda abin da ba ya magana yake magana, abin da ba shi da rai yake aure. Kashi na uku kuwa shi ne labarin ƙarya da gangan da labarin wauta, irin wanda samari suke gasa da shi a dandali, kowa yana ƙoƙarin shara wadda ta fi ta ɗan'uwansa. Duka ukun gajeru ne, masu maimaici, kuma kalmominsu na yau da kullum ne. Wato tun kafin malamin tsara manhaja ya taɓa su, sun riga sun cika yawancin sharuɗɗan littafin mai koyon karatu.

3.0 Dokar da ke cikin al'ajabi

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar labarin al'ajabi tamkar shirme wanda kome zai iya faruwa a cikinsa. Kyakkyawan labarin al'ajabi yakan kafa doka guda wadda ta saɓa wa hankali, sa'an nan ya bi ta sau da ƙafa. A tatsuniyar Ta-Kitse, yarinya ce aka samu daga kitsen sa, sarki ya aure ta bisa sharaɗin kada ta kusanci zafi. Da zarar yaro ya ji wannan, ya san inda aka dosa, domin ya ga abin da rana take yi wa man shanu a ƙwarya. Zullumin da yake yi lokacin da kishiyoyi suka tilasta mata aiki, daga saninsa na duniya ya taso. Haka kuma a tatsuniyar Ruwan Bagaja, ƴar bora ta iske Cinya da Kare suna zaune a gida ɗaya, Cinya tana gunji, Kare yana fassarawa. Mai ba da labari ba ya tsayawa ya bayyana yadda cinya ta rabu da jiki. Abin da yake so a gani shi ne wadda ta gaida Cinya da ladabi da wadda ta yi mata dariyar raini.

Bari mu ƙaga misali namu don a ga yadda dokar take aiki. A ce wani manomi a fadamar Madawa ya shuka albasa, ta yi girma har jakinsa ya ɓace a cikinta. Ya shiga nema yana ɓare ɓawo ɗaya bayan ɗaya, a ɓawo na uku ya tarar da kasuwa tana ci. Dokar wurin ita ce kowa hawaye yake yi, mai riba da mai faɗuwa, dillali da mai tallar hura. Manomi ya je gaban sarkin kasuwa yana kukan jakinsa, ba wanda ya kula, domin kuka a nan kamar numfashi ne. Da abin ya ishe shi sai ya fashe da dariyar takaici. Nan take kasuwa ta tsaya cik, aka kewaye shi ana jajantawa, ana cewa lalle babban abu ya sami bawan Allah. Duk yaron da ya taɓa yanka albasa zai gane inda dariyar take. Amma da a ce a tsakiyar labarin jakin ya yi fiffike ya tashi ba dalili, da an karya doka, da dariyar ta mutu.

Masu tsoron kada irin wannan ya rikita tunanin yara ba su ne farau ba. A Tarayyar Sobiyet, cikin 1928, an kai wa marubucin yara Kornei Cukobski hari a jaridar Pravda saboda labarinsa na kada mai yawo a titi. Hujjar da ya kafa a littafinsa kan maganar ƙananan yara ita ce, yaro ba ya dariyar abin da aka kifar sai ya riga ya san yadda yake a miƙe. Dariyar shaida ce ta fahimta. Ga malamin aji wannan babbar riba ce: idan yaro ya karanta jimla a zuci ya tuntsire da dariya, an tabbata ma'ana ta shiga, alhali mai rera baƙaƙe da haddar ka yana iya kai ƙarshen shafi bai san abin da ya faɗa ba.

4.0 Abin da aka riga aka buga

Littattafai uku suka fi tasiri a wannan fage, kuma duka daga Nijeriya suka fito. Na farko shi ne Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar, juzu'i uku, 1911 zuwa 1913. Da yawa daga cikin labaransa malaman Sakkwato ne suka rubuta su da ajami, don haka akwai ƙamshin Hausar yamma a ciki, wadda take kusa da ta Adar da Gobir. Sai dai an shirya shi ne domin Turawa masu koyon Hausa, kuma hannun malamai maza ya bi ta kan abin da asalinsa hirar mata da yara ce. Taska ce ga mai bincike, amma ba ta aji biyu ba ce.

Na biyu shi ne Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a Zariya a 1937. Imam ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin ƴan'uwan nan Grimm na Jamus da sauransu, ya sa musu rigar Hausa har ba a gane baƙi ne. Labarin Kalala da Kalalatu da na Sahoro da Sahorama sun nuna gwanintarsa ta barin wauta da kwaɗayi su kai kansu ga ƙarshensu. Darasin da ke nan shi ne, aro ba laifi ba ne in an iya jiƙa shi. Amma jimlolin Imam dogaye ne, Larabcinsa da karin maganarsa sun fi ƙarfin wanda ya shekara ɗaya ko biyu yana karatu. Littafin da ake hawa a kai ne bayan an yi ƙwari.

Na uku shi ne Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, littafi shida, daga 1971. Shi ne ya fi kusa da buƙatarmu, domin don ƴan makaranta aka yi shi, kuma ya bar waƙoƙin cikin tatsuniya a inda suke. Iyakarsa ga yaron Buza ita ce Hausarsa ta Kano ce, duniyarsa ma ta can ce.

5.0 Hanyoyi uku na asara

Hanya ta farko ita ce ɗora wa'azi. Mai gatana takan rufe da ƙurunƙus ta bar yara su yi gardama a kan wanda ya kyauta. Mai tsara littafi kuwa yakan ji kunyar sakin labari haka nan, sai ya liƙa masa sakin layi na darasi, ko ya sa Gizo ya tuba. Jarabar ta fi ƙarfi a yankin da ayyukan raya karkara suka yi yawa, kamar shukar itatuwan kare iska a kwarin Majiya daga 1975, da babban aikin Keita na farfaɗo da ƙasa wanda aka fara a 1984 da taimakon Italiya. Ayyuka ne masu amfani, kuma ƙasidun bayani a kansu suna da wurinsu. Amma ranar da aka mai da Gizo malamin gona yana koyar da jera duwatsu a gangare, yaro zai gane an yi masa ƙwange, ya ajiye littafin. In ana son dutse da zaizayar ƙasa su shiga labari, a bar Gizo ya karɓi ladan jera duwatsun da bai jera ba, ruwan farko ya tona masa asiri.

Hanya ta biyu ita ce goge karin harshe. Taron Bamako na 1966, da na Yamai na 1980, da ƙa'idar rubutu ta 1999, duk sun yi aikin daidaita rubutun Hausa, kuma ba mu da ja a kan haka. Sai dai yaron Keita da ya ji munka da sunka, shina da wanga, ɗiya da biyat tun yana goye, idan ya buɗe littafi ya ga tsohuwar cikin labari tana magana kamar mai karanta labarai a rediyo, rabin daɗin ya tafi. Littafin Bernard Caron na 1991 kan Hausar Adar ya isa shaida cewa wannan kari yana da tsarinsa cikakke. Abin da muke gani shi ne a rubuta bayanin mai ba da labari da daidaitacciyar Hausa, a bar maganar taurarin labari da waƙoƙinsu da karin yankin. Haka nan kalmomin amsa-kama, irin su tinjim da kwatsam da sululu, kada a zubar da su da sunan taƙaitawa, domin su ne gishirin dariya. Tsamin bakin Gizo, inda yake mai da ra ta koma ya, yana da ɗan hatsari ga mai fara karatu, wanda bai riƙe ainihin siffar kalma ba tukuna. A jinkirta shi zuwa shekara ta biyu, a tsare shi a bakin Gizo kaɗai.

Hanya ta uku ta shafi barkwancin ƙabilu. Wasan taubasai, kamar na Bagobiri da Bazabarme ko Bafillace da Babarbare, gado ne da Hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Amma sharaɗinsa shi ne ramuwa: wanda aka tsokana yana nan, zai mayar. Takarda ba ta jin ramuwa. A aji ɗaya a Keita ana iya samun ɗan Bahaushe da ɗan Buzu da ɗan Bafillace a kan benci guda. Labarin da ya mai da ɗayansu wawa, aka sa shi ya karanta da bakinsa a gaban sauran, ya tashi daga wasa ya zama tozarci. Ko dai a buga labaran bibbiyu kowa ya sha nasa, ko a ɗora wautar a kan Kura, wadda ba ta da dangi a aji.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna ba da shawara huɗu. Da fari, a ɗauki labaran da na'urar ɗaukar magana daga bakin mata da yara, da dare, a gaban masu sauraro, a lura da wuraren da aka yi dariya, domin su ne ginshiƙan da ba za a taɓa ba wajen gyara. Na biyu, a jera littattafan hawa-hawa: na farko jimla ɗaya ko biyu a shafi tare da zane, maimaici yana ɗauke da nauyin karatun. Na uku, a gwada kowane labari a aji kafin a kai shi maɗaba'a, a ba yara su karanta a zuci, malam ya zuba ido. Wanda bai motsa fuskar kowa ba a mayar da shi. Na huɗu, a kai littattafan cibiyoyin yaƙi da jahilci na manya. Adar ƙasar ƴan ci-rani ce, da rani mata ne suke riƙe da gidaje da yawa, kuma uwar da ta koyi karatu tana buƙatar abin da za ta karanta wa ɗanta, wanda ita ma zai ba ta dariya. Idan ba a samar da irin wannan ba, wanda ya koyi baƙaƙe bana yana iya mance su baɗi don rashin abin karantawa, kuɗin da aka kashe da wahalar malamai su tafi a banza.