Tsayuwar jarumi ko yatsun 'yan Kurmi: wanne ne ke taimakon tunani?

Idan kana bibiyar masu koyar da "sirrin nasara" a Facebook ko TikTok, da wuya a ce ba ka ci karo da wannan shawarar ba: kafin ka shiga jarrabawa ko ganawar neman aiki, ka buɗe ƙafafu, ka riƙe ƙugu, ka turo ƙirji na minti 2, jikinka zai sauya maka ƙwaƙwalwa. Kuma wai kimiyya ce ta faɗa. To, bari mu ɗora maganar a sikeli.

Tushenta lacca ce da Amy Cuddy, masaniyar halayyar ɗan Adam, ta gabatar a dandalin TED a 2012, wadda miliyoyin mutane suka kalla. Ta dogara ne da binciken da ta yi a 2010 tare da Dana Carney da Andy Yap. Sun ce irin wannan tsayuwa tana ƙara sinadarin testosteron, tana rage kotisol, wato sinadarin da ke hauhawa idan mutum ya shiga damuwa, kuma tana sa mutum ƙarfin halin ɗaukar kasada.

Laccar akwai daɗin saurare, amma hujjarta ba ta da kauri. Mutum 42 kacal aka gwada, ka san akwai azuzuwan firamare a Kano da suka fi haka cika. A ƙaramin rukuni irin wannan, dace kawai na iya fitar da sakamako mai ban mamaki. A 2015 Eva Ranehill da abokan aikinta suka maimaita gwajin da mutum 200. Ba su ga sauyin sinadaran ba, ba su ga ƙarin kasada ba. Abin da ya tsira shi ne mutanen sun ce sun ɗan ji ƙarfi a ransu. A 2016 ita kanta Carney, wadda sunanta ne farko a binciken, ta fito fili ta ce ba ta yarda tasirin gaskiya ba ne.

Jin ƙarfi a rai ba laifi ba ne. Sai dai jin kai gwani ne daban, warware lissafin da ke gabanka daban. Riƙe ƙugu bai san komai game da tambaya ta 3 ba.

Kada kuma ka ce ashe duk zancen jiki da tunani ƙarya ne. Jiki yana taya tunani sosai, amma ta wata hanyar, kuma ba sai ka je Amurka za ka gani ba. Leƙa Jakara a cikin birnin Kano, ka shiga Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15. Tsaya wajen baduku zai yanka fata. Ba ya rufe ido ya auna a ka. Zai ɗora ma'aunin takalmin a kan fatar, ya juya shi nan, ya karkata shi can, ya kauce wa inda ta huje, har ya ga yadda ƙafa biyu za su fita ba asara. Matsa gaba wajen mai huluna. Yana ciniki da kai, babban yatsansa na bin gaɓoɓin sauran yatsun, yana ajiye kuɗin dozin a nan, ragin da ya yi maka a can.

Masana suna da bayanin wannan. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke riƙe abu na ɗan lokaci yayin da kake tunani ƙarami ne, abubuwa wajen 4 yake iya riƙewa a tare. Duk abin da hannu ya karɓa ya riƙe, ƙwaƙwalwa ta samu sarari ke nan. A 1994 David Kirsh da Paul Maglio sun lura da masu buga wasan Tetris, inda ake jera tubala masu faɗowa a allon kwamfuta. Sun ga 'yan wasan na juya tubalin a allo tun kafin su san inda za su sa shi, domin juyawa da hannu ya fi juyawa a zuci sauri. Aikin badukun nan ke nan, babu bambanci.

A 2001 kuma Susan Goldin-Meadow ta Jami'ar Shikago da abokan aikinta suka sa yara da manya su bayyana yadda suka warware lissafi, alhali suna riƙe da wasu kalmomi ko haruffa a ka. Sun fi tuna su a lokacin da suka yi bayani suna nuni da hannu, fiye da lokacin da aka hana su motsa hannun.

Tafiyar ƙafa fa? Binciken Marily Oppezzo da Daniel Schwartz na Jami'ar Stanford a 2014 ya nuna kashi 81 cikin 100 na mahalarta sun fi kawo sababbin dabaru suna tafiya. Amma da aka ba su tambaya mai amsa ɗaya tak, tafiyar ba ta taimaka ba, sai ma ɗan raguwa da aka gani. Wannan rabin ne masu bidiyo ba sa faɗa maka.

Me ya sa abin ya dame mu? Saboda mun juya lamarin a baibai. Muna yaɗa tsayuwar da hujjarta ta rushe, muna kuma hana motsin da ke da hujja. Yaro ɗan aji 2 yana ƙirga da yatsu ko tsakuwa, sai a ce masa daƙiƙi, a sa shi ya naɗe hannu. Wataƙila ma ɗan mai hulunan nan ne, wanda ubansa ke ciyar da gida da lissafin yatsu. Hana shi ba ya sa ya iya lissafin ka da wuri, ɗauke masa tsani ne tun bai hau ba.

Don haka idan aka sake kawo maka wani motsi da sunan kimiyya, yi tambaya biyu. Mutum nawa aka gwada, kuma wasu sun maimaita sun samu haka? Sannan, motsin nan yana ɗauke wani ɓangare na matsalar, ko ado ne kawai? Idan kana neman dabara, tashi ka zaga. Idan lissafi ya cushe, zana shi, jera tsakuwa, sa yatsu. Idan kuma kai malami ne ko uba, ka bar wa yaro hannunsa.