Injin da ake haɗawa daga gwangwan: bitar littafin Gingery daga cikin Birnin Zazzau

A farkon shekarun 1980 wani Ba'amurke mai suna David Gingery, mazaunin garin Springfield, ya fitar da jerin ƙananan littattafai bakwai masu taken Build Your Own Metal Working Shop from Scrap. Abin da ya sa a gaba shi ne mutum ya kafa shagon sarrafa ƙarfe a gidansa da tarkacen da mu nan 'yan gwangwan ke tsinta. Na farko ya koyar da murhun narka alminiyam da gawayi. Na biyu ya koyar da haɗa injin juyi, wanda bakanikai ke kai wa aikin shaf da bushi. Daga nan sai injin fere ƙarfe, sai injin milin, sai injin huda, sai na'urar raba da'ira don yanka haƙoran giya, sai abin lanƙwasa kwano. Na huɗun nan, The Milling Machine, shi nake son mu duba, domin ko da yake Gingery ya rasu tun 2004, littafin yana da abin faɗa wa maƙerin cikin birni fiye da yadda yake da shi ga mutanen ƙasar da aka rubuta shi.

A injin juyi ƙarfen ne ke juyawa wuƙa tana tsaye, shi ya sa duk abin da ya fito daga cikinsa kewayayye ne. A injin milin kuwa ƙarfen ake ɗaurewa a kan tebur, wuƙa mai haƙora tana juyawa tana cinsa. Da shi ake shafe fuskar ƙarfe ta kwanta sumul, a yanka kwarmin da ke riƙe fuli a jikin shaf, a fitar da haƙoran giya. Duk wanda ya taɓa bin sawun gyaran injin markaɗe a Kwarbai ko Limancin Kona, ko injin ban ruwa na masu lambu a fadamar Galma, ya san inda gizo ke saƙar. Shaf ya cinye, mai walda ya cike shi, sannan ya ɗauki giranda da magagari ya yanka kwarmin da ƙiyasin ido. Injin zai tashi, amma da ɗan karkata, kuma karkatar nan ita ke cin boris da bel kafin kaka ta zagayo.

To me ya hana a sayi injin kawai? Wanda duniya ta fi sani shi ne Bridgeport, da aka fara ƙerawa a Amurka a 1938. Nauyinsa ya kai kusan tan guda, kuma yawanci wutar layi uku yake sha. Ko mutum ya samu na gwanjo, sai ya yi tunanin yadda zai bi da shi ta lungun da amalanke ma da ƙyar take wucewa, ya shigar da shi ta ƙofar zaure, ya girke shi a daɓen da ba a yi don irin wannan nauyi ba. Akwai ƙananan da ake yi a Sin, waɗanda mutum biyu za su ɗaga, sai dai kuɗinsu yana bin dala, kuma bais da wuƙaƙe da ma'aunai sukan ci abin da ya yi kusa da kuɗin injin kansa. Gwamnatin tarayya ta kafa kamfanin ƙera irin waɗannan injuna a Osogbo a 1980 tare da kamfanin HMT na Indiya, amma ƙaramin mai sana'a a Zariya bai ga kayansa a bakin ƙofa ba.

Gingery ya bi ta wata hanya dabam. Kowane sashe na injin sai an fara sassaƙa samfurinsa da katako, a danna shi cikin yashi mai gauraye da yumɓu da ɗan danshi, a zare, a zuba narkakken alminiyam a gurbin. Inda sassa ke gogar juna kuwa, sai a ɗaura musu shafaffen ƙarfe na saye. Injin da ake samu a ƙarshe ƙarami ne, sandar wuƙarsa a kwance take, teburinsa inci 12, yana da gudu iri takwas ta hanyar sauya bel a kan fuli. Rubutun mutumin na mai aiki da hannu ne. Ba ya cika ka da lissafin jami'a, zanensa kuma a fili yake. Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin jerin aikin: ba ya sa ka yin wani sashe sai wanda ya gabace shi ya ba ka kayan yin sa, har injin da bai ƙarasu ba yakan taya ka gyara sauran sassan jikinsa.

Ga kuma inda littafin ya dace da mu. Ba'amurken da ya buɗe shi, sai ya fara koyon zubi daga tushe, yana tsoron wutar. Mu kuwa masu zubin tukunyar dalma sun daɗe suna wannan aiki da gawayi da yashi, sun san ƙasar da ta sha ruwa daidai da wadda za ta tofo ƙarfe, sun san launin narkakken alminiyam idan ya isa zubawa. Maƙeri ya san yadda ake ba ƙarfe ruwa ya yi tauri. Kafinta da masassaƙi za su fitar da samfurin katako a yini guda. Tsofaffin fistin da kan injin mota, waɗanda suka fi gwangwanin lemo kyau a zubi saboda sinadarin silikon da ke cikinsu, suna nan jibge wajen bakanikan Sabon Gari da kasuwar Panteka ta Kaduna. Rabin abin da Gingery ke wahalar koyarwa, yana hannun mutanenmu tun tuni.

Ɗaya rabin shi ne wanda muka rasa, kuma shi ne zuciyar littafin: daidaito. Tukunya ko ta ɗan karkace za ta dafa tuwo, amma tebur na inji idan ya kauce da kaurin gashin kai, duk abin da aka yanka a kansa zai gaji kaucewar. Gingery ya koyar da kankara da hannu. Za ka shafa shuɗin launi a jikin wani ƙarfe da ka tabbata a miƙe yake, ka goga shi a kan sashen da ka zuba, duk inda launin ya kama to tudu ne, sai ka kankare shi da tsohon magagari da ka wasa bakinsa. Ka sake gogawa, ka sake kankara, har launin ya bazu ko'ina. Dabara ce tsohuwa, wadda Joseph Whitworth ya kyautata a Ingila a shekarun 1830, kuma a kanta masana'antun Turai suka miƙe. Ba ta neman wuta ko dala, haƙuri da ido take nema, kuma garin da ake shafe watanni ana yi wa babbar riga aiki da allura bai rasa waɗannan biyun ba.

Wanda ya bi littafin, ko bai haɗa injin ba, zai fita da idon saye. Zai san ya girgiza tebur ya ji ko yana da wasa, ya murɗa hannu ya ji nawa yake juyawa a banza kafin tebur ya motsa, ya duba ko hanyar da ake gogawa ta fi cinyewa a tsakiya. Zai kuma fahimci cewa bais mai riƙo da gaske da ma'auni mai agogo sun fi tarin wuƙaƙe muhimmanci a ranar farko.

Sai dai littafin yana da inda ya gaza. Na farko, ba ya tsayawa da ƙafarsa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: wanda bai gina murhun littafi na ɗaya da injin juyin na biyu ba, ba shi da abin yi da na huɗu, kuma yanka giya sai an kai ga na shida. Aikin watanni ne ga mutumin da ke neman abin cefanen yau. Na biyu, alminiyam ba baƙin ƙarfe ba ne. Gawayi yana narka shi cikin sauƙi saboda a digiri 660 yake narkewa, amma taurinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe, kuma ba ya shanye girgiza. Injin Gingery zai yi maka tagulla da alminiyam da ƙananan ayyukan ƙarfe idan kana ci kaɗan-kaɗan, amma wanda ya ɗora masa shaf ɗin tarakta zai sha kunya. Na uku, mafi yawan aikin gyara a yau ya fi sauƙi a injin da wuƙarsa ke tsaye tana kallon ƙasa, shi kuwa nasa a kwance take. Na huɗu, komai a inci aka auna shi, da noti da kusoshi irin na Amurka, alhali kayan kasuwarmu na milimita ne. Ga shi ya rubuta wa mai wutar da ba ta ɗaukewa. Batun kariya ma yana son ƙarin nauyi a gidajenmu da yara ke kai da kawo, domin ɗigon ruwa a cikin narkakken ƙarfe yana iya fallatsa shi a fuskar mutum.

Duk da haka ina ganin ya cancanci karatu, kuma ba mutum ɗaya ya kamata ya ɗauke shi ba. Gingery ya rubuta wa mai aiki shi kaɗai a bayan gida, amma a cikin birni aikin taron hannu ne: mai zubi ya yi sassa, kafinta ya yi samfuri, bakanike ya kawo boris da tarkace, ɗalibin injiniya daga Jami'ar Ahmadu Bello ko Kwalejin Nuhu Bamalli ya karanta zanen ya mai da inci milimita. Zariya ce ta fitar da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ta kuma kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, don haka ba baƙuwa ba ce wajen sa ilimi cikin Hausa. Idan aka nemi izinin masu haƙƙin littafin aka fitar da shi da Hausa, da ma'aunin milimita, da babi kan janareta da sola, aka kuma fara da na murhu da na injin juyi kafin wannan, to yaron maƙera da ya iya karatun boko zai iya ɗauka ya fara aiki da shi ba tare da jiran mai fassara ba.