Yadda A Ke Gane Shekarun Tsohon Littafi

A ƙasar Minjibir, gidan tsohon malamin makaranta ko na tsohon ma'aikacin En'e ba ya rasa wata adaka da aka tura ƙarƙashin gado. In an buɗe ta sai a tarar da takardun haraji, da 'yan littattafai waɗanda suka yi ja don tsufa. A cikinsu a kan sami Jiki Magayi, ko Idon Matambayi in an yi babbar sa'a. Magada kuwa da sun ga an rubuta 1934 a ciki sai su ce ai bugun fari ne. Sau da yawa ba shi ba ne.

Turawa sun daɗe da sanin wannan rikici. A Ingila kamfanin Collins ya kafa Crime Club cikin 1930, yana fitar da labarun kisan kai da bincike, irin na Agatha Christie. Daga baya an sake buga waɗansu da kamannin bugun fari sak, har bango, don masu sha'awar tarawa. Saboda haka mai tara littattafai a can ba ya gaskata shekara ɗaya tak, sai ya nemi shaidu, kamar alƙali.

Hausawa ba su yi irin wannan ƙungiya ba, amma suna da abin da ya yi kusa da ita. Cikin 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, a hannun Dokta R. M. East, ta sa gasar ƙaga labari, aka sami littattafai biyar. Biyu daga ciki su ne na masu laifi. Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo labarin ɓarayi ne da dabarunsu. Jiki Magayi kuwa, na John Tafida da shi East ɗin, labarin ramuwa ne: mai kuɗi ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainabu, shi kuma ya nemo asirin da ya lalata ɗansu Kyauta, har yaron ya zama ɓarawo, ya kashe ubansa. Ba a ɓoye wa mai karatu mai laifi, kamar yadda Turawa ke yi. Abin da ke riƙe shi shi ne ganin yadda alhaki zai kama kowa. Wannan ya sa littafin ya jure sake bugu, aka yi ta karanta shi a makarantu, shi kuwa Idon Matambayi ya yi wuyar gani.

To, shaidar farko ita ce sunan maɗaba'a. An kafa kamfanin Gaskiya a Zariya cikin 1945. Hukumar NORLA, wadda ta yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Yaƙi da Jahilci, ta rufe cikin 1959. Kamfanin NNPC kuma sai 1966 ya zo. Littafin da ke ɗauke da sunan NNPC, ko da an rubuta 1934 sau goma a cikinsa, bai girmi 1966 ba. Waccan shekarar ta haihuwar labarin ce, ba ta takardar ba. Ita ma malamai ba su daidaita a kanta ba, gama waɗansu 1935 su ke rubutawa.

Shaida ta biyu farashi ne. In an buga shi da sule da sisi, to, an yi bugun kafin naira ta shigo ran 1 ga Janairu, 1973. In kuma akwai lambar nan ta ISBN, mai farawa da 978 a littattafan Nijeriya, bugun bai riga 1970 ba. Sai dai a duba da kyau, don mai kanti ya kan manna sabon farashi bisa tsoho.

Akwai shaidar da mutane ke ɗauka da ƙarfi alhali kuwa raunana ce, watau ƙa'idar rubutu. Gaskiya ne mutanen dā su kan raba “ya ke” da “su ke”, na baya suka haɗe su. Amma maɗaba'a ta kan ɗauki hoton tsofaffin shafuffuka ta sake bugawa shekara da shekaru, ba ta taɓa ko wasali ba. Jan takarda ma ba abin dogara ba ne. Damina uku a ɗakin soro mai yoyo ta isa ta mai da sabon littafi tsoho tukuf.

Abin da ya fi duka amfani a karkara shi ne abin da Bature mai tarawa zai kira aibi: hatimin makaranta, da sunan ɗalibi, da ajinsa. Hatimin En'e ta Kano ya nuna littafin ya shiga makaranta kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Wani yaro ma ya kan rubuta ranar da aka ba shi, har da sunan ƙauyensu, Kunya ko Wasai. Mai goge wannan don littafi ya yi kyan gani ya kashe mashaidinsa da hannunsa.

Bango da shafin farko su ke fara yagewa, su ne kuma ke ɗauke da maɗaba'a da farashi. Wanda ya sami littafi da bangonsa, kada ya liƙe shi da ƙullun rogo ko na dawa, gama shi gara ke bi. Ya naɗe shi cikin tsumma mai tsabta, ya ɗora adakar bisa duwatsu, ya riƙa buɗe ta yana dubawa in damina ta wuce.