Daga bakin uwa zuwa kundin doktora: sharhi a kan horon masu binciken lafiya, bisa misalin gundumar Madarunfa

0. Gabatarwa

Manufar wannan ƙasida ita ce yin sharhi a kan yadda ake horar da ɗaliban doktora a fannin kimiyyar lafiya, da yadda aka rarraba rassan da suke ƙwarewa a cikinsu. Ba mu da ta cewa a kan abin da ake yi cikin ɗakin gwaje-gwaje. Wannan aikin masu shi ne. Abin da ya shafe mu shi ne matakin da ke gabanin gwaji, wato lokacin da ma'aikacin bincike yake zaune gaban wata uwa a Ɗan Issa ko wani gari na gundumar Madarunfa, yana tambayarta da Hausa, yana cike takarda da Faransanci, daga baya kuma a buga sakamakon da Ingilishi. Ra'ayinmu shi ne, wannan mataki wani ɓangare ne na awon kansa, kuma tsarin horon bai danƙa shi a hannun kowane reshe ba.

1. Tsarin horon da rassansa

A tsarin da Nijar ta yi tarayya a kansa da sauran ƙasashen CAMES, majalisar ilimi mai zurfi da aka yanke shawarar kafawa a Yamai a 1968, kalmar « docteur » tana ɗauke da ma'ana biyu. Akwai doktora ta aikin likita, wadda ɗalibi yake kammala karatun likitanci da ita, bayanta kuma yana iya neman takardar ƙwarewa ta DES a fanni kamar lafiyar yara ko tiyata. Akwai kuma doktora ta bincike, wadda take zuwa bayan lisansi da masta, bisa tsarin LMD da ƙungiyar UEMOA ta umarci ƙasashenta da bi a 2007. Wannan ta biyu ita ce abin sharhinmu.

Idan muka dubi rassan da ɗalibi yake zaɓa, za mu ga an raba su gwargwadon abin da ake ɗauka a kai ɗakin gwaji. Mai nazarin ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro da na tsargiya yana da jini da fitsari. Mai nazarin bakteriya da birus yana da bayan gida da ruwan ƙashin baya. Mai nazarin garkuwar jiki yana da ruwan jini, mai nazarin abinci mai gina jiki yana da sikeli da igiyar awon damtse, mai nazarin yaɗuwar cuta kuwa yana da alƙaluma. Wannan rabo yana da hujjarsa, kuma da shi cibiyoyi irin su CERMES ta Yamai suka yi suna a kan binciken sanƙarau da tsargiya. Sai dai akwai abu guda da ake ɗauka daga ƙauye wanda ba ya shiga kwalba, wato maganar mutane. Ita ce ba ta da reshe.

2. Fagen binciken

Ba da gangan kawai muka zaɓi Madarunfa ba. Tun bayan matsalar abinci ta 2005, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana jinyar yara masu tamowa da zazzaɓi a wannan yanki, har da Ɗan Issa, kuma cibiyarta ta bincike, Epicentre, ta gudanar da manyan gwaje-gwaje a gundumar. Biyu daga ciki sun fito a mujallar The New England Journal of Medicine. Na farko, wanda aka buga a 2016, ya shafi yara 2,399 masu tamowa mai tsanani wadda ba ta haɗu da wata cuta ba, kuma ya nuna ba su amoksisilin bai ƙara yawan waɗanda suka warke ba ta yadda za a dogara da bambancin. Na biyu, na 2017, ya gwada rigakafin rotabirus na kamfanin Serum Institute na Indiya, wanda yake jure zafi, a kan jarirai 3,508. An samu gudawa mai tsanani ta rotabirus 31 a rukunin da ya sha rigakafin, 87 a rukunin da bai sha ba, wato kariya ta kashi 66.7 cikin 100. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ingancin wannan rigakafi.

Aiki ne mai daraja, kuma akwai ƴan Nijar cikin marubutansa. Muna ɗaukarsa misali ne domin irin wannan fage shi ne ɗalibin doktora na jami'ar Abdou Moumouni ko na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi zai shiga, kuma irin wannan awo zai yi.

3. Inda harshe yake shiga cikin awo

Ana tantance tsananin gudawar rotabirus da ma'aunin Vesikari, wanda aka tsara a Finlan a 1990. Yana da maki 20, kuma daga maki 11 ake cewa cutar ta yi tsanani. Maki 8 suna fitowa daga zafin jiki da bushewar ruwan jiki da irin jinyar da aka yi. Sauran 12 kuwa suna fitowa daga tambayoyi huɗu: kwana nawa aka yi ana gudawa, sau nawa a rana, kwana nawa aka yi ana amai, sau nawa a rana. Duk abin da ya faru a gida kafin ma'aikaci ya ga yaron, uwa ce kaɗai shaidarsa. Ke nan fiye da rabin ma'aunin yana iya ratsawa ta bakinta. Bari mu duba amsoshi uku da kowane Bahaushe ya san irinsu:

(1) Ai ya kwana biyu yana yi.
(2) Bai yi amai ba, tumbuɗi ne kawai.
(3) Ba ciwo ba ne, haƙori ne yake fitarwa.

A misali na (1), « kwana biyu » na iya zama adadi, yana kuma iya zama salon magana mai nufin an daɗe, kamar yadda muke ji a gaisuwa. Karin murya da kalmar « ai » su ne suke rarrabewa, kuma ba su da gurbi a takarda. Ma'aikacin da ya rubuta 2 ya ba gudawar maki 1, alhali idan kwana shida ake nufi maki 3 ne. Bugu da ƙari, « kwana » dare yake ƙidayawa, « wuni » kuma rana, shi kuwa ma'aunin awa 24 ya sani.

A misali na (2), Hausa ta raba abin da kalmar « vomissement » take iya haɗawa. Tumbuɗi abu ne da jariri mai lafiya yake yi bayan ya sha nono. Inda uwa ta sa iyaka tsakaninsa da amai, nan makin yake faɗawa ko ya ɓace. Misali na (3) ya fi sauran nauyi, domin zawon da aka jingina wa fitar haƙori ba lalle a ambace shi ba idan tambayar ita ce ko yaron ya yi rashin lafiya. Abin da ba a ambata ba kuwa, ba za a ɗauki bayan gidansa a kai gwaji ba.

Ba mu ne farkon masu lura da wannan ba. Littafin Lewis Wall na 1988 a kan maganin Hausawa, da wanda Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka shirya a 1999 a kan sunayen cututtuka a bakin jama'ar Afirka ta Yamma, sun nuna sunan cuta na gargajiya ba ya hawa daidai a kan na likita. Abin tambaya shi ne, a wace shekara ta horonsa ake wajabta wa ɗalibin kimiyyar lafiya karanta irin waɗannan ayyuka?

4. Matsalar yarda

Tun sanarwar Helsinki ta 1964, ƙa'ida ce kada a sa mutum cikin gwaji sai ya fahimta ya kuma yarda. A nan kalmomi uku suke ba da wuya. « Placebo » idan aka ce « maganin bogi » an shigo da ma'anar zamba, idan aka ce « ruwan banza » an raina abin da ake roƙon uwa ta karɓa. « Randomisation » ana iya ba ta « ƙuri'a », amma kalmar ta fi tuna wa mutane zaɓe a yau, « caca » kuwa haramun ce. « Bincike » kansa shi ne abin da jandarma da ɗan duwan suke yi wa kaya, kuma mutumin Ɗan Issa, garin da ke bakin iyaka a kan hanyar Maraɗi zuwa Jibiya da Katsina, ya san wannan ma'ana sarai. Sannan ga « to », wadda take iya zama amincewa, take kuma iya zama « na ji » ta ladabi. Ga kuma bambancin yardar uwa da izinin maigida.

Tarihi ya nuna tsadar wannan mataki. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani gwaji da ya shafi yara wajen 200. Iyaye sun ce ba a bayyana musu gwaji ba ne, kamfanin ya musa, shari'ar kuma ta ƙare da sulhu da gwamnatin Kano a 2009. Wannan labari yana cikin abin da aka riƙa ambatawa lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004. Labari ba ya tsayawa a shingen duwan, kuma rigakafin rotabirus shi ma ɗigo ne a baki.

5. Abin da za a iya ce mana

Masanin alƙaluma zai ce raba yara ta hanyar ƙuri'a, da ɓoye wa kowa wanda ya sha me, sun isa kariya, tunda kuskuren fassara zai faɗa wa rukunin biyu daidai. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ba mu shakkar cewa rigakafin yana aiki. Amma kuskuren da ya faɗa wa kowa daidai yana iya dusashe bambancin da ake nema, kuma yana taɓa adadin yawan cutar, wanda da shi ake kwatanta Nijar da wasu ƙasashe. Ban da haka, yawancin kundayen doktora ba gwajin ƙuri'a ba ne. Tambayoyi ne ake yi gida gida, inda babu rukuni na biyu da zai ɗauke nauyin kuskuren.

Wani zai ce ai ana fassara takardu zuwa Hausa, a sake mayar da su Faransanci don a tabbatar. Wannan dabara tana nuna mafassara biyu masu ilimin boko sun fahimci juna. Ba ta nuna abin da uwa ta ji. Wani kuma zai ce ɗalibin Bahaushe ne. Jin harshe daban, iya auna shi daban, kamar yadda mai jini a jika bai zama masanin jini ba.

6. Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna ba da shawara huɗu. Ta farko, a sa darasi na wajibi a shekarar farko ta doktora a kan tambaya da neman yarda cikin harsunan ƙasa, wanda malamin lafiya da malamin harshe za su koyar tare. Ta biyu, kowane kundi ya ɗauki takardar tambayoyi da ta yarda cikin harshen da aka yi magana da shi, kamar yadda yake bayyana na'urar da aka yi gwaji da ita. Ta uku, a gwada tambayoyin a fage, a naɗi murya da yardar masu amsawa, kafin a fara ƙidaya. A nan ne za a gano, alal misali, cewa mako 6 na ɗigon farko ya fi saurin shiga kunne idan aka ce « da an gama arba'in », kuma a ga inda « masassara » ta fi « zazzaɓi » gudana. Ta huɗu, a buɗe ƙofar kundayen da malamai biyu za su duba, ɗaya daga sashen lafiya, ɗaya daga sashen harsuna.

Jerin kalmomin da aka ƙirƙira a ofis ba zai biya wannan bukata ba. Abin da ake nema shi ne tarin maganganun asibiti na gaskiya, wanda aka rubuta aka kuma yi wa nazari. A watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta sabunta Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan wannan mataki, a Ɗan Issa Hausa ta daɗe da zama harshen aikin bincike. Abin da ya rage shi ne makarantun doktora su koyar da ita a matsayin haka, su kuma sa ta cikin abin da alƙalan kundi za su tambayi ɗalibi a kai.