Zangunan Waƙar Alhaji Mamman Shata: Daga Dandalin Musawa Zuwa Zamanin Kaset

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu sauraron waƙa, watau wai Alhaji Mamman Shata bai taɓa sake salo ba, yadda ya fara haka ya gama, kalangu ɗaya da amshi ɗaya har fiye da shekara hamsin. Masoyansa su kan faɗi haka don su nuna ya tsaya bisa gadon Hausa bai yi aro ba. Masu kushe shi kuwa su kan faɗi maganar nan ita ita don su nuna wanda ya ji waƙarsa guda ya ji dukansu. Nufin wannan takarda shi ne ta nuna dukan ɓangarorin nan biyu sun yi gaggawar yanke hukunci, gama waƙar Shata ta bi zanguna, kuma ko wane zango da irin wurin da a ke yin waƙar da irin abin da a ke ɗaukarta da shi.

Kafin a shiga, wajibi ne a faɗi wahalar da ke cikin aikin. A Ingila, wanda ya ke so ya bi sawun wata ƙungiyar makaɗa aikinsa da sauƙi. Ƙungiyar Joy Division ta Manchester manyan faifai biyu kaɗai ta yi, ɗaya a 1979 ɗaya a 1980, amma da ya ke an san shekarar ko wanne da waɗanda suka yi aikinsa, an rubuta littattafai a kan ƙungiyar da faifanta. Shata kuwa waƙoƙinsa sun fi ƙarfin ƙirga, galibinsu a wurin biki aka yi su, kuma waɗanda aka ɗauka sun warwatsu a gidajen rediyo da hannun 'yan kasuwa ba tare da kwanan wata ba. Dole mai nazari ya nemi shekarar waƙa daga cikinta: sarkin da aka ambata, da irin kuɗin da aka ce an ba da, ko fam ko naira, da nauyin muryar mawaƙin. Tun da naira ta maye gurbin fam a 1973, wannan kaɗai ya isa ya raba waƙoƙi masu yawa gida biyu.

Zango na farko: dandali da kasuwar auduga

An haifi Shata a Musawa a 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, ba makaɗi ba ne, bai kuma so ɗansa ya shiga waƙa ba, don a wurinsa roƙo ce. Wannan rashin gado shi ne mabuɗin fahimtar salon Shata duka. Makaɗin fada, irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, ya kan tashi cikin ƙa'ida: ya shirya waƙa a gida, ya biya ta da yaransa har ta zauna, sa'an nan a kai ta gaban sarki, yaran suna karɓa suna ƙarasa masa zance. Shata bai bi ta wannan makaranta ba. Yana yaro ya yi tallan goro da alewa, ya kuma fara waƙa a dandali wurin wasan samari da 'yan mata. Kayan kiɗan da ya tarar a nan shi ne kalangu, wanda asalinsa na mahauta ne da rawar 'yan mata, ba shi da martabar kotso ko taushi a idon fada.

Daga Musawa ya koma Bakori, garin da ke kan hanya tsakanin Funtua da Malumfashi, inda ya zauna ƙarƙashin Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa mai aikin sayen auduga da gyaɗa. Mai karatu ya lura da irin ƙasar. Yankin nan ƙasar noma ce mai albarka, ga dawa ga auduga, ga injin gurzar auduga a Funtua, ga jirgin ƙasa da ya ratsa ta daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda. In kaka ta yi aka buɗe kasuwar auduga, kuɗi su kan shiga hannun manomi da ɗan kamasho da direba da mai sayar da tuwo a tasha. Waɗannan mutane ba su da kirarin kakanni, ba su da tarihin yaƙi da za a wasa su da shi, amma suna da abin kyauta, suna kuma son a ambace su. Su ne iyayen gidan Shata na farko, kuma bukatarsu ita ta gina waƙarsa.

Ga yadda ginin ya ke. Gindin waƙa gajere ne, sau da yawa bai wuce sunan mutum da laƙabinsa da garinsu ba. 'Yan amshi ba su ƙara kome, ba su ƙarasa wa jagora zance, aikinsu su maimaita gindin nan kurum. Dukan nauyin waƙa yana wuyan Shata shi kaɗai, yana ƙaga ɗiyanta nan take, yana duban wanda ya shigo da wanda ya yi kyauta. Lokacin da yara ke amshi shi ne lokacin da ya ke numfasawa yana shirya ɗa na gaba. Irin wannan gini ya dace da wurin da ba a san wanda zai zo ba, domin ana iya yi wa baƙo waƙa kafin ya gama zama.

Kalangu da harshe

A nan ilmin harshe yana da abin cewa. Hausa harshe ne mai karin sauti, da na sama da na ƙasa da mai faɗuwa, kuma tsayin wasali yana raba ma'ana. Kalmar da a ke rubutawa "fari" tana iya zama launi, ko rashin ruwan sama, ko mafarin abu, kunne ne ke rarrabewa. Kalangu kuwa, sabo da tsirkiyar da makaɗi ke matsewa da sassautawa a hammata, yana iya hawa da sauka yadda murya ke yi. Don haka gindin waƙar Shata sau biyu a ke faɗinsa, yara su faɗa da baki, kalangu ya faɗa da fata. Wannan ne dalilin da ya sa Bahaushe kan gane waƙar tun daga kiɗa, kafin mawaƙin ya buɗe baki.

A cikin ɗiyan waƙa kuwa Shata ba ya tilasta wa kalma ta karya karinta don ta shiga kiɗa, sai dai ya ja gaɓa mai nauyi ko ya dunƙule marasa nauyi, zancen ya fito kamar hira. Harshensa Katsinanci ne, ya kan sa h a wurin f, amma ya kan guji tsofaffin kalmomin fada waɗanda ke sa waƙar Narambaɗa ta bukaci mai fassara. Wannan sauƙin harshe shi ya ba shi kunnen Bakano da Bazazzagi da mutumin Maraɗi da mazaunin zango a Kumasi baki ɗaya.

Zango na biyu: Funtua, faifai da rediyo

A 1952 sunansa ya fito sosai a Kano wurin bikin 'ya'yan sarki, a wajen 1960 kuma ya tare a Funtua, inda ya yi kusan shekara arba'in. Cikin wannan zamani abu biyu suka sake masa waƙa. Na farko faifan garmaho, wanda ƙaraminsa bai ɗaukar abin da ya wuce minti uku ko huɗu a fuska guda. Mawaƙin da ya saba kwana yana waƙa, sai ga shi an ce ya faɗi abin da zai faɗa kafin allura ta kai tsakiya. Matsin nan ya amfane shi. A gajerun waƙoƙinsa babu ɗan da ya zo banza, ana shiga da sunan mutum, a kawo halinsa guda, a ba da labari guda, a fita. Daga baya manyan faifai, irin waɗanda kamfanin EMI ya buga masa, suka ba shi fili kamar na minti ashirin a fuska, wanda ya ishe shi ya shimfiɗa labari ba tare da ya sake ba.

Na biyu rediyo, musamman gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962. Rediyo ya raba waƙa da wurin da aka yi ta. Manomin da ke saurare a Ƙafur ko Danja bai san wanda a ke wasawa ba, bai kuma ga kyautar da aka yi ba, don haka dole waƙa ta ƙunshi abin da zai riƙe shi ban da suna. A wannan zango ne turakun Shata suka yawaita. Ya yi waƙoƙin ƙarfafa soja lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ya yi waƙar Kumbo Apollo 11 bayan Amurkawa sun sauka a wata a 1969, inda ya ɗauki labarin da ya fi ƙarfin hankalin mutanen karkara ya mai da shi zancen da za a yi a bakin kasuwa. Ya yi waƙoƙin noma da na aure da na direbobi, ya yi ta begen Annabi, ya kuma yi ta shan giya wadda har yau malamai ba su yafe masa ita ba.

Har wa yau a wannan zango ne kalangu ya shiga fada. Waƙar Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya hau gadon sarauta a 1966, ita ce babbar shaida. Wanda ya gwada ta da waƙoƙin dandali zai ji kiɗan ya lafa, tafiyarsa ta zama ta ƙasaita, kirari ya yawaita, jagora yana barin fili tsakanin ɗa da ɗa. Amma ginin bai sake ba, amshi na nan gajere, ƙagawa na nan nan take. Watau Shata ya ɗauki kayan talakawa ya yi wa sarki waƙa da su, ba tare da ya ari kotso ba. Idan aka haɗa wannan da waƙar Umaru Ɗan Ɗanduna da ta Hassan Sarkin Dogarai, inda ya ke zana mutum da motsinsa har mai sauraro ya ga kamar ya san shi, za a yarda a nan ne gwanintarsa ta kai maƙura.

Zango na uku: kaset da Bakandamiya

Da kaset ya bazu, iyakar lokaci ta kau, gama kaset guda yana ɗaukar sa'a ɗaya ko sa'a da rabi, kuma kowa na iya ajiye rikoda a gaban mawaƙi a wurin biki. Kuɗin man fetur kuma suka kawo sababbin iyayen gida, 'yan kwangila da manyan attajirai da 'yan siyasa. Amfanin wannan zamani shi ne ya adana Shata yadda ya ke a fili, da barkwancinsa da amsa wa jama'a. Aibinsa kuwa a bayyane ya ke. Waɗansu waƙoƙin wannan zango sun zama jerin sunaye da lissafin kyauta, wane ya ba da mota, wane ya ba da kujerar Makka, ɗa guda ana juya shi sau da yawa. Masu cewa waƙar Shata maimaici ce, yawancinsu waɗannan kaset suka ji, kuma a kansu suna da hujja. Haka nan zambonsa, irin na Gagarabadau, ko da ya ke ya nuna kaifin harshe, ya kan zarce har ya taɓa abin da mutum bai yi wa kansa ba, wannan kuwa ba abin yabo ba ne ko a bakin gwani.

Amma Bakandamiya ta isa ta fanshi zangon. Ita ce waƙar da ya ke wasa kansa, kuma ba sau ɗaya ya yi ta ba, ya yi ta maimaita ta cikin shekaru, ko wane karo da abin da ya ƙara na garuruwan da ya je da mawaƙan da ya kara da su. Gindinta na nan yadda ya ke, ɗiyanta suna girma tare da mai ita. Wanda ya jera zubinta daban daban bisa tsarin shekaru, ya saurari muryar tana kauri, fahariyar ƙuruciya tana komawa waiwaye irin na dattijo, ya sami tarihin Shata daga bakinsa. Waƙa guda ke nan ta rushe zancen cewa bai taɓa sakewa ba.

Hukunci

Abin da bai sake ba a waƙar Shata shi ne ƙashin gininta, watau kalangu da gajeren amshi da ƙagawa nan take. Abin da ya sake shi ne tsawonta da turakunta da saurin kiɗanta da irin mutanen da a ke yi wa ita. Zango na farko ya ba shi gini, na biyu ya hore shi ya kuma faɗaɗa shi, na uku ya sake masa linzami, wani lokaci har ya yi yawa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu a Kano ran 18 ga Yuni 1999, aka binne shi a Daura, garin ubangidansa.

An yi aiki a kansa, ba a ce ba a yi ba. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiana a 1975, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa kuma suka fitar da tarihinsa, Shata Ikon Allah, a 2006. Abin da ya rage shi ne jeren waƙoƙin bisa shekaru. Yau matasa a Funtua da Malumfashi a waya su ke jin Shata, waƙar ƙuruciya da ta tsufa a cakuɗe, waɗansu an yanke musu kai, waɗansu an laƙaba musu sunan da ba nasu ba. Dattawan da suka halarci bukukuwan nan, waɗanda za su iya cewa wannan a gidan wane aka yi ta, shekarar kaza, suna ta ƙarewa, tsofaffin faifai da kaset kuma zafi da ƙura suna cin su. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'i su tura ɗalibai Musawa da Bakori da Funtua, su zauna da waɗannan dattawa da sauran makaɗansa da ke raye, a saurari waƙa tare, a rubuta wurinta da shekararta. In ba a yi haka ba da wuri, masu zuwa za su gaji muryar Shata ba tare da sanin wace ya fara wace ya ƙare da ita ba, sa'an nan maganar nan ta cewa bai taɓa sake salo ba za ta zauna, don ba sauran mai hujjar ƙaryata ta.